Darajar Na Ƙarshen Layi

Kowace shekara, galibi a watan Afrilu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka kan zaɓi matasan 'yan wasa daga jami'o'i, cikin zagaye bakwai. Hankalin 'yan jarida yakan tsaya ne a zagayen farko, alhali tarihi ya sha kunyata masu hasashe.

A shekarar 2000, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwayi Tom Brady, wanda ya yi ritaya da kofuna bakwai. A 2022 kuwa, Brock Purdy ne na 262, wato na ƙarshe, wanda bisa al'ada ake yi wa laƙabi da mara muhimmanci. A 2024 ya kai San Francisco wasan ƙarshe.

Masu zaɓe na iya auna tsawo da gudu, amma natsuwa lokacin matsi ba ta hawa sikeli.