Minti uku a gaban alƙalai: yadda ake shiga makarantun wasan kwaikwayo, rawa da kiɗa

Duk shekara, idan ƴan ajin ƙarshe suka fara lissafin inda za su dosa bayan BAC, sai an samu yaro ɗaya ko biyu da za su jira kowa ya watse, sannan su matso kusa da teburina su tambaya da ƙaramar murya, kamar mai neman rance: "Malam, wai da gaske akwai makarantar da ake karanta wasan kwaikwayo har a ba mutum digiri?" Akwai, kuma ba ɗaya ba ce. Abin da yaranmu na zango suka rasa shi ne wanda zai gaya musu yadda ƙofar take, domin ƙofar waɗannan makarantu ba irin ta sashen shari'a ko tattalin arziki ba ce, inda maki kaɗai ke yi wa mutum magana. A nan sai ka tsaya da ƙafarka a gaban mutane sun dube ka.

A Kamaru akwai cibiyoyin fasaha na gwamnati, irin su ta Fumban ƙarƙashin Jami'ar Dschang da ta Nkongsamba ƙarƙashin Jami'ar Duwala, kuma da jarrabawar gasa ake shigarsu, wadda muke kira konkur. A Abijan akwai INSAAC a unguwar Cocody, mai koyar da wasan kwaikwayo, sinima, kiɗa da rawa. A Bamako akwai makarantar fasaha mai sunan Balla Fasséké Kouyaté. A bakin teku kusa da Kwatano akwai EITB, wadda Alougbine Dine ya kafa don horar da ƴan wasa. Masu son rawa sun san École des Sables ta Germaine Acogny a Toubab Dialaw ta ƙasar Senegal, da La Termitière ta Salia Sanou da Seydou Boro a Wagadugu, da makarantar Irène Tassembédo a birnin. Wanda ya iya Ingilishi yana da Jami'ar Ghana a Legon, inda makarantar ke da sassa uku, kiɗa, rawa da wasan kwaikwayo, kuma asalinta tun 1962. Ga Zariya da Kano da Jos a Najeriya.

Sai dai kada a ɗauka duk hanya ɗaya ce. A Najeriya jarrabawar JAMB ce babbar ƙofa, kuma adabin Ingilishi yana cikin darussan da ake nema. Yaro zai iya samun gurbi a sashen wasan kwaikwayo ba wanda ya taɓa ganin ya hau dandamali. A Legon ana kiran masu nema su zo a gwada su. A makarantun rawa masu zaman kansu sau da yawa bidiyo da takardar bayanin kai ake fara aikawa. Makarantun ƙasashe masu Faransanci kuwa galibi kashi uku suke yi wa abin: rubutu, gwajin aiki, sannan hira da alƙalai. Yawancin masu karanta wannan shafi ta wannan hanya ta uku za su bi, don haka a kanta zan daɗe.

Rubutun ba baƙo ba ne ga wanda ya ci BAC: a ba ka batu kan al'adu ko fasaha ka yi sharhi. Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne ba su taɓa karanta wasa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba in ba wanda aka tilasta musu a lakwal ba. Wanda zai nemi gurbi ya kamata ya san Guillaume Oyônô Mbia da Bernard Dadié da Sony Labou Tansi, ya san cewa Koulsy Lamko ɗan Chadi ne, ya iya faɗin abin da MASA ta Abijan da FESPACO ta Wagadugu suke. Ba haddar sunaye ake so ba. Alƙali zai ce maka wane wasa ka kalla na ƙarshe, me ya burge ka, me ya gundure ka. Idan amsarka fim ɗin Kano ne, faɗi, ba abin kunya ba ne, muddin za ka iya bayyana dalilin da ya sa wani ɗan wasa ya fi wani a idonka.

Gwajin aikin shi ne zuciyar abin, kuma gajere ne fiye da yadda ake zato. A babbar makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Faris, kowane yanki da ɗan takara zai nuna bai wuce minti uku ba, masu nema sun haura dubu, kuma kimanin 30 ake ɗauka a shekara. Namu ba su kai wannan cunkoso ba, amma lissafin ɗaya ne: watanni na shiri, mintuna kaɗan na nunawa. Ana iya tsayar da kai a tsakiyar magana. Wannan ba ya nufin ka faɗi. Wani lokaci sun ga abin da suke nema ne tun a minti na farko. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ke biyo baya, lokacin da ɗaya daga cikinsu zai ce sake yi, amma wannan karon kana raɗa, ko kana dariya, ko kamar wanda kake yi wa magana ya ba ka baya zai fita. Yaron da ya haddace komai har da inda zai ɗaga hannu, a nan yake rushewa, sai ya maimaita abin da ya yi ɗazu daidai wa daida. Makaranta ba gwani take nema ba, da gwani ne da bai zo ba. Tana neman wanda idan an juya shi zai juyu.

Shi ya sa nake hana ɗalibaina zaɓen babban jawabin sarki ko na tsoho mai kuka a kan kabari. Ɗan shekara goma sha tara ya ɗauki matsayin da ya yi kusa da shekarunsa da abin da ya sani: saurayin da ke jayayya da mahaifinsa, yarinyar da ake shirya wa auren da ba ta so. Idan yankin na mutum biyu ne, dole ka zo da wanda zai riƙa ba ka amsa, kuma wannan ma kuɗin mota ne da masauki da ya kamata a sa a lissafi tun farko. Ga masu kiɗa, a tambaya tun da wuri ko za a gwada karatun rubutun kiɗa na Turawa, domin mai kalangu ko gurmi da ya koya da kunne zai iya fin kowa hannu a ɗakin amma takarda ta kayar da shi. Ga masu rawa, yawanci darasi ake yi da kowa tare, alƙalai na zaune suna kallon wa ke saurin ɗauka, wa ke jin kiɗa, wa ke lura da na kusa da shi, kafin kowa ya nuna nasa shi kaɗai.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi damun yaran zango. Da yawansu Faransancinsu na aji ne, a gida Hausa, a kasuwa Fulatanci ko Larabcin Chadi ko Julanci, kuma suna shiga ɗakin gwaji da jin cewa harshensu ya yi nauyi. Gaskiya ne dole rubutun Faransanci ya fito sarai, kowace gaɓa a ji ta daga ƙarshen ɗaki, kuma wannan aikin bita ne na kullum da murya a sama, ba a zuci ba. Amma makarantu da yawa suna ba da wani fili da ɗan takara zai kawo abin da ya ga dama, waƙa, labari, rawa, ko wani abu nasa. A nan ne ɗan Hausa ke da jarin da bai san darajarsa ba. Yaron da ya yi tashe a watan azumi, ya sa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho a ƙofar gidajen mutane, ya riga ya san yadda ake riƙe ƴan kallon da ba su biya ko sisi ba kuma suna iya korarsa. Yarinyar da ta tashi da tatsuniyar kakarta ta san yadda ake canza murya daga Gizo zuwa Ƙoƙi ba tare da an motsa daga tabarma ba. Mutanen Damagaram suna da wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da hakimai da manyan gwamnati. Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, da Hausa ya cika gidajen kallo a Nijar. Shawarata ita ce a kawo irin wannan da Hausa, a gabatar da shi da jimla biyu na Faransanci, sannan a bar jiki da murya su yi sauran. Abin da ba na so shi ne a mayar da shi kayan nuni, a sha rawani da babbar riga don kawai a ce ga ɗan arewa. Alƙalan sun ga irin wannan har sun gaji.

Kafin duk wannan akwai takardu, kuma sun fi alƙalai kayar da mutane. Takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, takardar likita, hotuna, shaidar biyan kuɗin konkur, wani wurin har da iyakar shekaru. Mu muna da wata matsala tamu ta daban: suna. Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamadou a takardar BAC, Muhammad a fasfo. Na taɓa raka wani ɗalibina da ya yi wata huɗu yana bita, aka mayar masa da dosiyensa saboda harafi ɗaya, kuma gyaran ya ɗauki lokacin da ya wuce ranar rufewa. Shekara guda ta tafi a haka. A jera takardun a kan tabarma tun watan Janairu a duba su harafi bayan harafi.

Zuwa ganin makarantar kafin a nema ba almubazzaranci ba ne, ko da yake na san abin da kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde yake nufi ga gidan da ke lissafin abincin gobe. Hoton da makaranta ke sawa a Facebook ranar bikin yaye ɗalibai aka ɗauke shi. Kai ranar Talata da hantsi kake son gani. Shin ana darasi, ko ɗalibai na zaune a gindin bishiya suna jiran malamin da ya tafi yawon wasa Turai? Ɗakin rawa katako ne a ƙasa ko siminti? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, shekara uku na tsalle a kan siminti gwiwa ce ke biya. Kayan kiɗan da aka lissafa suna aiki, kuma ana barin ɗalibi ya taɓa su bayan an tashi? Ka nemi ɗan shekara ta uku, ba wanda ofis ya haɗa ka da shi ba, ka saya masa shayi ka tambaye shi sau nawa ya hau dandamali a gaban ƴan kallo na gaske, kuma waɗanda suka gama bara ina suke yanzu. Wasu ƙananan makarantu ba sa ɗaukar ɗalibai duk shekara, sai rukuni ɗaya ya gama; wannan ma a ji shi daga bakinsu. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, akwai zango a kusan kowane birnin da na ambata, kuma ba a rasa ɗan uwa ko ɗan garinku da zai leƙa ya kira ka ta bidiyo yana zagayawa.

A wannan ziyara ne kuma ake tambayar abin da ba a rubutawa a takardar talla. Darasin motsa jiki yana haɗa maza da mata, ana riƙe juna, ana kwanciya a ƙasa. Wace sutura ake yarda da ita? Yarinya za ta iya barin kanta a rufe? Ana bita har dare, kuma wa zai raka ta gida? Yaya ake yi da azumi da sallar Juma'a? Gara a ji amsar daga bakin shugaban sashe kafin a biya kuɗi. Iyaye da yawa da na zauna da su, abin da ke ransu ke nan, tare da tsohon tunanin cewa kiɗa da wasa sana'ar maroƙa ce ba ta ɗan gidan mutunci ba. Ban taɓa ganin gardama ta sauya ra'ayin uba ba, amma na ga uban da ya sauko bayan ya je Fumban da kansa, ya tarar da gari ne na Musulmi mai sarki da masallatai, ya ga aji da allo da jadawalin darasi kamar kowace makaranta.

Tambaya ta ƙarshe a ofis ita ce ta takardar da za a ba ka. Digiri ne na gwamnati, ko shaidar halarta ce kawai? Dukansu suna da amfani, ɗan rawar da ya fito daga hannun Germaine Acogny ba takarda ake tambayarsa ba, amma wanda ke son koyarwa a makarantar gwamnati ko ci gaba zuwa digiri na biyu dole ya san ko CAMES, hukumar da ke Wagadugu mai tantance digirorin ƙasashe masu Faransanci, ta amince da shi. Najeriya da Ghana ba sa cikin CAMES, suna da nasu tsarin daidaita takardu. Kuma tun da Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a farkon 2024, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri cikin makonni shida, duk mai niyyar yin aiki a Kano ko Kaduna da takardar waɗannan ƙasashe sai ya bincika matsayin makarantarsa tukuna.

Mai tashi daga Kamaru ko Chadi zuwa yammacin Afirka ya tuna yana fita daga yankin CEMAC: fasfo, katin rigakafin shawara, wani wurin har da biza. Sefar tsakiyar Afirka da ta yamma darajarsu ɗaya a takarda, amma mai shago a Kwatano ba zai karɓi ta Duwala ba, kuma ɗan canji sai ya ci nasa. A isa garin kwana biyu kafin ranar gwaji, domin muryar da ta kwana biyu a mota tana shan ƙura da sanyin dare ba ta dawowa da safe ɗaya.