Sakramenti bakwai na maƙwabtanmu Katolika

Jama'a, a garin Ƙonni akwai majami'ar Katolika. Tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun shekarar 2001. Ƴan Katolika ba su da yawa cikin ƙasarmu, amma kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Wata rana maƙwabcinka zai gayyace ka buki. Ya kamata ka san abin da za ka gani.

Ƴan Katolika suna da ibadu bakwai da suke kira sakramenti. A wurinsu, sakramenti alama ce da ido ke gani, kamar ruwa ko mai ko burodi. Sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya kafa su, kuma ta hanyarsu Allah yake ba mutum alherinsa.

Ga su:

1. Baftisma. Ana zuba wa mutum ruwa a kai, ya shiga addinin. Babba sai ya yi karatu mai tsawo tukuna.
2. Ƙarfafawa. Bishop yana shafa mai a goshi, don bangaskiya ta yi ƙarfi.
3. Jibin Ubangiji. Burodi da ruwan inabi, waɗanda suka ɗauka jikin Almasihu ne da jininsa. Shi ne babba.
4. Furta zunubi. Mutum ya faɗi laifinsa ga limaminsu, wato fada, ya tuba. Fada ba ya tona asirin ko da za a kashe shi.
5. Shafa wa marar lafiya mai, tare da addu'a.
6. Naɗin limamai. Fada ba ya aure.
7. Aure. Miji ɗaya, mata ɗaya, babu saki sai mutuwa. Sai dukansu biyu sun yarda, ba a tilasta wa kowa.

Kada mu gama su da Kiristocin da suka kafa asibitin Galmi a 1950. Waɗannan Furotesta ne. Biyu suka riƙe: baftisma da Jibin Ubangiji.

To, in ka je buki a majami'a, ka zauna cikin natsuwa. Idan aka tashi karɓar burodi, kada ka bi layi, na ƴan Katolika ne kaɗai. Ba wanda zai ga laifinka.

Ku kuma iyaye, ku tuna: takardar baftisma ba takardar haihuwa ba ce. Musulmi ko Kirista, kowa ya kai sunan ɗansa wurin hukuma.

Sanin maƙwabci shi ke kawo zaman lafiya. Malamai, ku karanta wannan tare da ɗalibanku.