Ɗumama Injin Gazuwal da Safe: Minti Kaɗan Sun Isa

Da sanyin safiya a watannin Disamba da Janairu, duk wanda ya bi ta tashar Filinge zai ji rurin manyan motoci. Suna tsaye wuri ɗaya, injin yana aiki, hayaƙi yana tashi. Wani direba yakan bar motarsa haka har rabin awa. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce yana ɗumama inji ne. Ƴan uwa masu karatu, wannan al'ada tana cin kuɗi, tana tsufar da inji, tana kuma cutar da lafiyarmu.

Yadda injin gazuwal yake aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera irin wannan inji, ya kuma yi aiki sosai a shekarar 1897. Injin yana matse iska da ƙarfi har ta yi zafi ƙwarai. Sai a fesa mata gazuwal, ya kama da wuta. Saboda haka gaskiya ne inji yana son zafi. Amma aiki ne yake ba shi zafin. Injin da yake juyawa a hankali, mota tana tsaye, man da yake ƙonawa kaɗan ne, zafinsa ma kaɗan ne. Tafiyar minti 10 a hankali ta fi tsayuwar rabin awa ɗumama shi.

Al'adar ta samo asali ne daga tsofaffin motoci irin su Berliet, masu wuyar tashi. Direba yana tsoron in ya kashe, sai an tura. A ƙasashen Turai kuma sanyi yakan sa gazuwal ya yi kauri. A ƙasar Kurfai kuwa, ko a tsakiyar hunturu, sanyinmu bai kai haka ba.

Asarar da ake yi

Babbar motar ɗaukar kaya takan sha kusan lita 3 a awa ɗaya tana tsaye. Bari mu yi lissafi. Rabin awa kowace safiya, lita ɗaya da rabi ke nan. A kwana 30 an ƙona lita 45, ba a yi tafiyar taku ɗaya ba. Matatarmu ta man fetur, wadda aka buɗe a 2011, tana jihar Damagaram ne, nesa da mu ƙwarai. Kowace lita sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso nan. Manomin da zai kai wake ko gero Baleyara ko Yamai, da makiyayin da zai loda shanu daga wajen Tukunus, su ne suke biyan wannan asara cikin kuɗin mota.

Injin ma yana shan wuya. In babu isasshen zafi, gazuwal ba ya ƙonewa duka. Ragowarsa takan zama kunkunniya ta toshe bakin allurar da ke fesa mai. Wata kuma takan zurara ta gauraya da baƙin mai, ta sa shi ya yi ruwa-ruwa. Daga nan ƙarafa sai su riƙa cin juna.

Hayaƙi da lafiyarmu

A shekarar 2012, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana jawo ciwon daji na huhu. Yana ƙara tari, yana tayar da ciwon fuka. Ku dubi masu zama kusa da bututun hayaƙi a tasha: mata masu sayar da ƙosai da fura, da jariran da suke goye da su, da yaran mota. Su ne suke shaƙarsa kullum. Tayar da inji cikin rufaffen gareji kuwa yana iya kashe mutum.

Abin da ya kamata a yi

1. A duba ruwa da baƙin mai kafin a tayar da mota.
2. In motar tana da fitilar ɗumama buji, a jira ta mutu, sannan a murza makulli.
3. A bar inji minti 2 ko 3 don baƙin mai ya zagaya. Kada a ba shi wuta da ƙarfi.
4. Mota mai birkin iska, a jira iskar ta cika kafin a motsa.
5. A fara tafiya a hankali, har allurar zafi ta hau.
6. Bayan doguwar tafiya da kaya, mota mai turbo tana bukatar minti 2 ko 3 ta huce kafin a kashe.
7. In za a daɗe ana loda kaya ko jiran fasinja, a kashe inji.

Motar da ba ta tashi sai an tura, gyara take bukata. A kai wa makanike ya duba batir da buji, a kuma kakkaɓe matatar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa direban garinsu da yaran motarsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji magabata. Allah ya kiyaye hanya.