Daga Bakolori Zuwa Makewayi: Ina Ruwan Yake Tafiya?

A ƙasar Japan akwai wata 'yar na'ura da ake mannawa a bangon banɗakin mata. Aikinta guda ne: in aka danna ta sai ta yi ƙarar zubar ruwa, amma ko ɗigo ba ta zubarwa. Kamfanin TOTO ne ya fito da ita a 1988, ya raɗa mata suna Otohime. Kunya ce ta haife ta. Mata da yawa ba sa son na ɗaki na kusa ya ji motsinsu, don haka sai su dinga sakin ruwan masai sau biyu sau uku don ya danne sautin, lita a kan lita tana tafiya a banza. Da aka ba su ƙarar ba tare da ruwan ba, magana ta ƙare. A can ne kuma ake yin masai mai famfo a kan murfin tankinsa: in ka saki ruwa, sabon da zai cika tankin sai ya fara biyowa ta famfon ka wanke hannu, sannan ya gangara ciki ya jira mai shigowa.

A Ingila kamfanonin ruwa kan raba wa mutane kyauta wani ɗan agogon yashi da ake liƙawa a bango, yashin ya zube cikin minti 4, mai wanka ya san lokacin fita ya yi. A Ostareliya, kamfanin Caroma ya ƙera masai mai maɓalli biyu a 1980, ɗaya na bawali ɗaya na bayan gida, na yanzu yawanci lita 3 da lita 6. Amurka kuwa doka ta yi a 1992, ta ce sabon masai kada ya wuce lita 6 a saki guda, shawa kuma kada ta wuce kimanin lita 9 da rabi a minti.

Mutumin Talata Mafara da ya ji wannan zai yi murmushi, kuma yana da gaskiya. A 2018, lokacin da madatsun ruwan birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka kusa ƙafewa, hukuma ta ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, duniya ta ɗauka. Aka shiga koya wa masu hali su tsaya cikin baho in za su yi wanka, su tari ruwan su kora masai da shi. Lita 50 jarka biyu ce. A Bakura ko Maradun, gidan da kowane mutum ke samun jarka biyu tasa ta kansa kullum, ai ya wuce a ce masa yana cikin matsi.

Abin mamakin shi ne waɗannan garuruwa uku suna zaune ne a yankin ɗaya daga cikin manyan tafkunan Arewa. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. In aka auna da jarka mai lita 25, jarka biliyan 18 ke nan. Ba a same shi da arha ba. Ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka, manoman fadama na ƙasan madatsar suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa duk shekara, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya, aka rasa rayuka masu yawa. Amma don noman rani aka yi Bakolori, shinkafa da alkama da tumatir. Ruwa a tafki daban, ruwa a randa daban. Tsakaninsu akwai bututu da inji da wuta da mai da albashin ma'aikaci, kuma duk inda ɗaya ya tsinke, sai ɗan garuwa da kurarsa, ko yarinya da bokiti a ka.

To, a wurin da ruwa ke shigowa gida da wuya da kafaɗa, mene ne amfanin zancen waɗancan na'urori? Ni a ganina amfaninsa guda ne. Duk an ƙirƙire su ne don su maido wa mai famfo abin da mai buta bai taɓa rasawa ba, wato sanin adadin abin da yake zubarwa. Mai buta yana jin nauyinta yana raguwa a hannunsa. Mai bokiti yana ganin gindinsa yana matsowa, kafin ya sa sabulu ya riga ya lissafa moɗa nawa zai rage na ɗauraya. Bokiti mai lita 15 ya ishi babban mutum wanka fes. Shawa irin wadda dokar Amurka ta yarda da ita, in aka tsaya ƙarƙashinta minti 8, ta sha lita 76, jarka uku.

Malamanmu ma sun daɗe da aza ma'auni. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Mudun Annabi bai kai lita ɗaya ba, sa'i kuwa mudu huɗu ne. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta Risala, inda aka sanya ƙarancin ruwa tare da kyautata wanki cikin sunna, aka kuma zargi wuce iyaka. Yanzu a tsaya a bakin jerin famfunan wani babban masallaci ranar Juma'a a duba. Mutum ya buɗe famfo, sannan ya fara naɗe hannun riga, ya cire agogo, ya gaisa da na kusa, ruwa na ta kwarara. Yana shafar kai ruwa na zuba, yana gyara zama don wanke ƙafa ruwa na zuba. Shi ne dai mutumin da in yana kasuwa buta guda za ta yi masa alwala biyu. Bai canja hali ba, famfon ne ya ɗauke masa ma'auni.

Nan ne nake jin haɗarin yake, ba a gidajen ƙasa na cikin gari ba. Sababbin gidajen bulo da ake ginawa a Mafara da sauran garuruwa kusan kowanne sai an sa masa masai na zamani da shawa a kowane ɗaki, don shi ne alamar an ci gaba, kuma amarya ma tana tambaya. Ba laifi ba ne. Sai dai a yi lissafi tukuna. Gida mai mutum 10, masai mai sakin lita 9, kowa ya shiga sau 4 a yini: lita 360, jarka 14 da ɗoriya, kafin a dafa tuwo ko a wanke riga ɗaya. Shi ya sa za ka shiga gida ka tarar da masai mai ƙyalli, tankinsa a bushe har gizo-gizo ya yi saƙa, ga bokiti a gefe ana kora shi da hannu. An sayi kayan da aka ƙera don garin da famfo ba ya ɗaukewa.

Wanda ya riga ya sa, akwai dabaru marasa tsada. A cika robar ruwa mai lita ɗaya da rabi da yashi, a rufe ta gam, a tsayar da ita cikin tankin masai nesa da ƙarfen da ke motsi. Duk saki an tsirar da lita ɗaya da rabi. Wannan na tsohon tanki ne babba. In ƙarami ne mai lita 6 a ƙyale shi, don in ruwan ya gaza korawa sai an saki sau biyu, an yi ba a yi ba. Sannan a gwada ko tankin yana yoyo ta ciki, don irin wannan yoyon ba ya ƙara, ba ya jiƙa ƙasa. A ɗiga bular wanki a cikin tankin, a jira kamar rabin sa'a ba tare da an saki ba. In shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu, kuma canja ta bai kai kuɗin kurar ruwa biyu ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a yini, fiye da jarka guda, alhali 'yar roba ce a cikinsa ta cinye.

Amma babbar ɓarna ba a cikin banɗaki take ba, a samansa take. Kowa ya san wannan ƙarar: an tada janareta ko an kunna sola, injin rijiyar burtsatse ya cika tankin sama, ruwa yana ambaliya ta baki yana dukan ƙasa, maigida yana kasuwa, yaron da aka bar wa tsaro ya tafi ƙwallo. Sai maƙwabci ya yi ta buga ƙofa yana cewa "tankinku ya cika!" A minti 10 an zubar da abin da ya fi wankan gidan gaba ɗaya, ga man da aka ƙona. Maganinsa wata 'yar ƙwallon roba ce mai waya da ake ratayawa cikin tanki, in ruwa ya ɗaga ta sai ta kashe injin da kanta. Masu sayar da kayan famfo a Gusau da Sakkwato sun san ta. A cikin duk na'urorin da na ambata, da za a ce in zaɓi ɗaya wa mai rijiyar burtsatse, ita zan zaɓa, agogon yashi ya jira.

Ga mafi yawan gidaje kuwa, inda shadda ce a makewayi, abubuwan da suka fi dacewa ba daga Turai suka zo ba. A shekarun 1970 Peter Morgan ya tsara wata shadda a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabuwe, wadda ba ta shan ruwa ko kaɗan. Dogon bututu ake kafawa daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta sama tana zuƙo wari ta fitar, ƙudajen da ke cikin rami kuma suna bin hasken da suke hangowa ta bututun su maƙale a raga su mutu. Sharaɗinta ɗakin ya kasance da ɗan duhu, kuma a dinga duba ragar, don in ta yage aikin ya ɓaci. Akwai kuma kwanon roba mai suna SATO na kamfanin LIXIL, wanda ake samu a Najeriya. Ana ɗora shi a bakin rami, ƙasansa da ɗan marfi mai nauyi a gefe guda. Ruwan da bai kai lita ɗaya ba ya isa ya tura marfin ya buɗe, sannan ya koma ya rufe da kansa. Buta guda ta gama aiki, ba wari, ba ƙuda, ba kyankyaso, kuma uwa ta huta da fargabar ƙafar yaro ta zurma.

Wuri guda ne bai kamata a yi tsimi ba, shi ne wanke hannu. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Buta, duk da yabon da na yi mata, tana da aibi a nan: hannun da ya fito daga makewayi shi ke kama ta, na gaba ma ya zo ya kama. A Zimbabuwe ɗin dai aka fara wata dabara da gora, yanzu ana yi da galan. A huda galan mai lita 5 kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye shi a sanda tsakanin gwafa biyu, a ɗaura igiya daga bakinsa zuwa wani ɗan itace a ƙasa. In ka taka itacen galan ya karkata, siririn ruwa ya zubo, hannu biyu duk suna sake. Sabulu a huda shi a rataye da zare don kada akuya ta yi gaba da shi. Ɗan firamare zai iya haɗawa da hantsi guda.

Sauran magana ita ce ruwan da ya riga ya yi aiki. A unguwanninmu rariya ce ke fitar da shi ta gindin katanga zuwa lungu, ya kwanta ya yi baƙi, sauro ya samu gida, katangar ƙasa ta jiƙe ta fara zaizayewa, maƙwabta su yi ta cacar baki. Wannan ruwan da kuɗi aka saye shi, kuma bai gama amfani ba. A haƙa rami kamar kamu biyu a cikin gida inda rariyar ke fita, a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, a dasa ayaba ko gwanda ko zogale a gefensa. Ruwan ya nutse, itacen ya sha, ko a tsakiyar bazara yana kore. Tsofaffin gidaje da yawa sun san wannan, shi ya sa ake ganin gwanda ta leƙo ta saman makewayi. Ruwan alwalar masallaci ma ya fi kowanne dacewa, tunda babu sabulu a cikinsa, ɗan bututu kawai yake buƙata zuwa gindin bedi ko mangwaro. Sai dai a kiyaye: ruwan wanka ba na latas ko kabeji ko duk abin da ake ci ɗanye ba ne, ba a ajiye shi ya kwana don yana wari, ruwan wankin da aka sa wa bilic ko garin sabulu mai yawa yana ƙona shuka, na wankin kashin yara kuwa shadda ce wurinsa.



Damina kuma tana da nata rabon. Ruwan sama milimita ɗaya a kan rufin kwano mai faɗin murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwa milimita 20 a dare guda, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, ya tara lita 1,000, jarka 40. A bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna, sannan a juya indararo zuwa duro ko tanki mai murfi. Wanda kuma zai haƙa sabuwar shadda ko ramin rariya, ya auna tazararsa da rijiya, tasa da ta maƙwabci. Abin da masana lafiya suka saba bayarwa shi ne mita 30, kuma ramin ya kasance ta gangare, rijiyar ta tudu.