Auna Sarƙaƙiya da Karantuwar Matanin Manhaja Kafin Sake Fasalinsa: Mahangar Ilimin Harshe

Tsakure

Wannan takarda tana bayanin ma'aunai uku da ake auna wahalar matanin manhaja da su, tare da kwatanta su da ma'aunan karantuwar rubutun zube. An nuna cewa ma'auni yana nuna wurin da ya kamata a duba, amma hukuncin gyara yana hannun mai karatu, musamman a yanki kamar Maraɗi inda matani ɗaya kan ɗauki harsuna uku.

1. Gabatarwa

Mutum ne yake rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi, kuma mutum ne zai koma ya karanta shi ranar da aka so ƙara wani abu ko cire kuskure. Wannan rubutu shi muke kira matanin manhaja (Far. code source). Sau da yawa mai karatun ba shi ne marubucin ba. A ce ɗalibi ya rubuta wa ƙungiyar manoma manhajar lissafi a matsayin aikin ƙarshen karatu, ya karɓi takardarsa ya tafi. Bayan shekara biyu farashi ya sauya, aka nemi wani ya gyara. In matanin bai karantu ba, ko dai a koma wa littafi da biro, ko a taɓa manhajar a ɓata lissafin kuɗin mutane.

Maganin wannan shi ne sake fasali (Far. réusinage), wato sauya tsarin matani ba tare da sauya aikin da yake yi ba. Opdyke (1992) ya nazarce shi a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Illinois, littafin Fowler (1999) kuma ya yaɗa shi. Ga masanin harshe, kamar sake tsara jumla ne ma'anarta na nan daram. Matsalar ita ce: matani mai layi dubu goma, lokaci kaɗan, daga ina za a fara?

Mun zaɓi kalmar sarƙaƙiya a madadin complexité, da karantuwa a madadin lisibilité. Ta biyun ta fito daga aikatau karantu, giredi na 7 a rabon Parsons (1960). Wannan giredi yana ɓoye wanda ya yi aikin: in an ce "takardar ta karantu", ba a faɗi ga wa ba. Za mu ga cewa ma'aunan ma haka suke yi.

2. Darasi daga rubutun zube

Flesch (1948) ya auna karantuwar Ingilishi da abu biyu: yawan kalmomi a jumla da yawan gaɓoɓi a kalma. Yana ninka na farko da 1,015, na biyu da 84,6, ya ɗebe su daga 206,835. Da Kandel da Moles (1958) suka kawo ma'aunin cikin Faransanci, sai da suka rage 84,6 zuwa 73,6, domin kalmomin Faransanci sun fi tsawo. Ke nan lambar ba ta tsallaka iyakar harshe ba sai da gyara.

A Hausa abin ya fi haka. Ƙa'idar rubutu tana raba ya, ta, na, da, ba a matsayin kalmomi, saboda haka matsakaicin tsawon kalma zai sauka, matani ya bayyana kamar mai sauƙi. Alhali wahalar mai karatu tana wani wuri: ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, sai ya dubi muhallin kalma kafin ya san ko gari na zama ake nufi ko na tuwo. Ma'aunin Flesch ba ya ganin wannan ko kaɗan.

3. Ma'aunan matanin manhaja

3.1 Ƙidayar hanyoyi

McCabe (1976) ya ɗauki kowane sashe na matani (Far. fonction) a matsayin taswirar hanyoyi. A aikace lissafin mai sauƙi ne: a ƙirga wuraren da hanya ta rabu, wato kowane sharaɗi da kowane umarnin maimaici, a ƙara 1. Ya ba da shawarar kada sashe ya wuce 10. Amfanin lambar a fili yake, domin ita ce adadin hanyoyi masu zaman kansu da ya kamata a gwada. Sai dai Shepperd (1988) ya nuna cewa sau da yawa tana tafiya ne tare da yawan layuka, har ba ta ƙara wani labari mai yawa a kan tsawon matani ba.

3.2 Ƙidayar kalmomi

Halstead (1977) ya bi hanyar da masanin harshe zai gane nan take. Ya ƙirga alamomin aiki da abubuwan da ake aiki a kansu, ya bambanta iri (n) da yawan aukuwa (N), ya ce girman matani shi ne V = N × log₂ n. Mu dubi waɗannan layuka:

(1) x1 = s * t2
(2) kuɗin_ruwa = faɗin_gona * farashi

A kowanne n = 5, N = 5, V kuma kusan 11,6. A wurin Halstead (1) da (2) abu ɗaya ne. A wurin wanda zai gyara su bayan shekara biyu, tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

3.3 Ƙidayar goyo

Mu ƙirƙiri misali daga fadamar noman rani ta Jiratawa, kudu da Maraɗi, inda manoma ke cikin ƙungiya kuma suke biyan kuɗin ruwa. Mun rubuta umarnin da Hausa don sauƙin bayani, kuma sharuɗɗan namu ne:

(3) in manomi memba ne:
  in ya biya bashin bara:
   in gonarsa ta sha ruwa bana:
    a lissafta kuɗin ruwa

(4) in manomi ba memba ba ne: a tsaya
  in bai biya bashin bara ba: a tsaya
  in gonarsa ba ta sha ruwa bana ba: a tsaya
  a lissafta kuɗin ruwa

Aikinsu ɗaya, kuma McCabe ya ba kowanne 4. Amma a (3) dole mai karatu ya riƙe sharuɗɗa uku a ka kafin ya kai ga aikin, a (4) kuwa yana sauke kowanne kafin ya ɗauki na gaba. Wannan sananne ne a ginin jumla tun Yngve (1960) da Miller da Chomsky (1963):

(5) Yaron da matar da malam ya aura ta haifa ya tafi Tsibiri.
(6) Malam ya auri mata, ta haifi yaro, yaron ya tafi Tsibiri.

Ganga uku ce a kowace jumla, amma goyon ganga cikin ganga ya sa (5) ta yi nauyi. Ma'aunin sarƙaƙiyar fahimta na Campbell, wanda kamfanin SonarSource ya fitar, yana ƙara maki gwargwadon zurfin goyo: (3) ya sami 1 + 2 + 3 = 6, (4) ya sami 3. Juya (3) zuwa (4) misali ne na sake fasali da McCabe ba zai nuna ribarsa ba.

4. Abin da gwaji ya nuna

Buse da Weimer (2010) sun ba mutum 120 guntayen matani 100 na harshen Java su yanke musu maki. Sun tarar dogon layi da cunkoson sunaye suna rage karantuwa, layin da aka bari fanko kuma yana ƙara ta. Sai dai ganin matani da kyau daban, fahimtarsa daban. Scalabrino da abokan aikinsa (2017) sun gwada ma'aunai 121, ba su sami ko ɗaya mai dangantaka mai ƙarfi da ainihin fahimta ba. A ɓangaren sunaye, Hofmeister da abokan aikinsa (2017) sun nuna cewa masu gyara sun fi saurin gano kuskure da kashi 19 cikin ɗari in sunayen cikakkun kalmomi ne, ba haruffa ko taƙaitattun kalmomi ba. Abin lura shi ne, sunayen da ke cikin waɗannan gwaje-gwaje na Ingilishi ne, masu karatun kuma sun saba da shi.

5. Matani mai harsuna uku

Manhajar da aka rubuta a Maraɗi domin mutanen Maraɗi tana iya haɗa harsuna uku. Kalmomin umarni na Python ko Java na Ingilishi ne. Sunaye da bayanan gefe sukan zo da Faransanci, harshen da marubucin ya yi karatu da shi. Abubuwan da ake lissafawa kuwa na Hausa ne. Daga nan matsaloli uku ke tasowa.

Ta farko ta ma'ana ce. Tiya awon cika ce, nauyinta ya danganta da irin hatsin da aka zuba. Wanda ya sa wa adadin tiya suna poids ya shirya wa magajinsa tarko, domin zai ɗauka kilo ne. Babu ma'auni daga cikin ukun da zai kama wannan.

Ta biyu ta ƙa'idar rubutu ce. Gari ɗaya yana fitowa a takardu da Djiratawa, Djirataoua da Jiratawa, wani kuma da Tibiri da Tsibiri. In marubuci ya yi wa kowane rubutu sharaɗinsa, lambar McCabe za ta hau. A nan ma'aunin ya yi ƙara a wurin da ya dace, amma tushen ciwon na rubutu ne. Maganinsa jadawali ɗaya mai mayar da dukan siffofin zuwa siffa guda, a maimakon datsa sashen gida biyu don lambar ta sauka.

Ta uku ta haruffa ce. Tun 2008 Python 3 yana karɓar ƙ, ɗ, ɓ, ƴ cikin sunaye. Harafin ƴ na ƙa'idar Nijar ta 1999 yana shiga suna lafiya, amma 'y na Nijeriya, in an buga shi da waƙafin sama na allon bugu, ba ya shiga. In wani ya rubuta kuɗi, wani ya rubuta kudi, kwamfuta za ta ɗauke su sunaye biyu. Ganin cewa kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kamata sassan harshe da na kwamfuta su tsayar da ƙa'ida ɗaya a kan wannan.

6. Yadda za a yi amfani da ma'aunan

Muna ba malamai masu duba aikin ɗalibai shawarar matakai biyar:

a) A auna kowane sashe da McCabe da ma'aunin goyo, radon, lizard da SonarQube suna cikin kayan aikin da ke fitar da irin waɗannan lambobi.
b) A haɗa lambar da tarihin gyara, kamar yadda Tornhill (2015) ya nuna. Sashe mai 25 da ba wanda ke taɓawa zai iya jira. Mai 12 da ake taɓawa kowace damina shi ne na farko.
c) A ba wanda bai rubuta sashen ba ya karanta, ya faɗi aikinsa da baki. Ana iya aron gwajin cike gurbi na Taylor (1953): a share wasu sunaye, a ga ko zai iya maido da su.
d) Kafin a taɓa kome, a rubuta gwaje-gwajen da adadinsu bai gaza lambar McCabe ba, a sake gudanar da su bayan gyara.
e) Kada a mai da lambar makin jarrabawa. Ɗalibin da aka ce wa kada ya wuce 10 zai iya datsa sashe ɗaya gida huɗu, lambar ta sauka, mai karatu kuma ya riƙa tsalle tsakanin wurare huɗu.

7. Kammalawa

McCabe yana ƙirga hanyoyi, Halstead kalmomi, Campbell goyo. Kowanne yana auna wani fanni na siffar matani, kuma wannan ya isa a jera sassa a san wanda za a fara dubawa. Dacewar suna da abin da yake nufi kuwa sai mai karatu, kuma dole a faɗi ko wane ne shi da harsunan da ya sani. Aikin da ke gaba, wanda ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka, shi ne a maimaita gwajin Hofmeister a Maraɗi da matani ɗaya mai siffa uku, sunayen Ingilishi, na Faransanci da na Hausa, a auna lokacin da kowane rukuni zai ɗauka kafin ya gano kuskuren da aka dasa.