An Sallamo Inna Daga Asibiti, Me Za Ta Ci?

Kwanakin baya wani magidanci ya shigo kantinmu na magani a Ogba da takardar sallamar mahaifiyarsa. Santsin bayan gida ya kwashe ta, ƙashin ƙugu ya karye, aka yi mata aiki a Asibitin Ƙashi na Igbobi. Ya ce, "Malama, a ba ni maganin ƙarfin ƙashi mafi tsada." Na tambaye shi abin da Inna ta ci jiya. Koko da safe, lemon kwalba da rana, shayi da dare.

Mai karatu, a nan gizo ke saƙa. Likita ya gama nasa, amma kwanciya na cinye naman jikin tsoho da sauri, wanda kuwa ƙafarsa ta shanye ba zai iya takawa ba ko da ƙashin ya haɗe. Daga nan sai gyambon kwanciya da ciwon huhu su biyo baya.

Abin da jikin ke nema shi ne abinci mai gina jiki, wato furotin. Masana na ba da shawarar aƙalla giram 1.2 a kan kowane kilo na nauyin tsoho marar lafiya. Idan Inna na da kilo 60, tana buƙatar giram 72 kullum, alhali ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne. Kun ga koko kaɗai ba zai kai ta ko'ina ba. Ku haɗa shi da ƙosai ko alale, ku dama fura da kindirmo mai yawa, ku farfasa kifi cikin miya. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, don tsoho ba ya son ganin kwano a cike. Mai ciwon ƙoda kam sai da izinin likita.

Na san ana tururuwa zuwa mayankar Oko-Oba sayen ƙafar saniya, wai romon ƙashi na ɗora ƙashi. A sha, akwai daɗi, amma kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Nono, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, zogale da riɗi sun fi shi nesa. Ku kuma fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, saboda bitamin D.

Sai ɓangarena. Kada a haɗa ƙwayar kalsiyam da maganin ƙarin jini lokaci guda, a ba da tazarar awa biyu. Diclofenac da ake saya barkatai na iya ƙwaƙule ciki ya taɓa ƙoda. Tramadol kuma na sa jiri da taurin bayan gida, don haka a yawaita ruwa da gwanda.

Idan ta kwana biyu tana ture kwano, ko ta fara ruɗewa, ku mayar da ita asibiti, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.