Gamon Katar a Dajin Bundi

A shekarar 1854 labari ya bazu daga Kukawa har Turai cewa Abdulkarim ya mutu. Da wannan suna mutanen ƙasar Hausa da Barno suka san Heinrich Barth, Bajamushen nan ɗan birnin Hamburg wanda gwamnatin Ingila ta turo yawon binciken ƙasa. Ba wanda ya yi mamakin labarin. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850. Shugabansu, James Richardson, ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na 1851, bai ko ga Kukawa ba. Adolf Overweg ya bi bayansa a Satumban 1852 a bakin Tafkin Chadi. Na ukun kuwa ya nausa yamma, shiru kamar an shuka dusa.

Ashe yana raye, kuma doki na cikin abin da Allah Ya sa ya zame masa sanadin tsira.

Lokacin da Abdulkarim ya fara shiga Kukawa a Afrilun 1851, a kan wani ramammen doki ya shiga, aljihu wayam. Daga baya fadar Shehu Umar ta yi masa kyautar ingarma, hurde mai kyan gani, irin dawakin Barno masu taƙama da son rawa. Ba gwanin sukuwa ba ne. Baiwarsa ita ce tafiya: ya wuni yana taku ɗaya, kashegari a ɗaura masa sirdi ya maimaita. Matafiyin daji kuwa abin da yake nema ke nan, domin gudu na filin Sallah ne, juriya ita ke kai mutum masauki. Wannan doki ya kai shi Kanem, ya kai shi ƙasar Musgu, ya kai shi Bagirmi. A Nuwamban 1852 aka sake ɗaura masa sirdi, suka ratsa ƙasar Manga zuwa Damagaram, Katsina, Wurno inda ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare Kwara a Say, har suka shiga Timbuktu a Satumban 1853.

Can ma ba hutu ya tarar ba. Masu mulkin Hamdallahi sun nemi a miƙa musu baƙon, Shehu Ahmad al-Bakkay ya ce atafau, amanarsa ce. Manya da dama sun yi sha'awar hurden, amma mai shi ya san rabuwa da dokin rabuwa ce da hanyar gida. Bayan watanni na zaman ɗar-ɗar ya samu ya fito, dokin ya ɗauko shi har Kano a Oktoban 1854, nan ƙarfinsa ya ƙare.

A Kano Abdulkarim ya gane tsadar mutuwar da aka yi masa. Wa zai adana wa mamaci guzuri? Sai da ya ci bashi mai tsada wajen fataken Gadamas kafin ya sake haɗa kayan tafiya. Ya bi ta Gumel ya shiga ƙasar Galadiman Barno, wanda Nguru ce tsohuwar mazauninsa, ya sauka a Bundi.

Da sassafe, a ƙarshen shekarar 1854, ya bar Bundi ya kutsa daji, ya yi gaba ya bar raƙuman kayansa a baya. Bai yi nisa ba sai ya hango mahaya suna tahowa. Na gabansu wani saurayi ne fari fat, da babbar riga irin tasa, ya naɗa farin rawani. Cikin masu rakiya akwai wata fuska da ya sani: Madi, baransa da ya bari gadin gida a Kukawa shekara biyu da suka wuce. Madi ne ya fara gane maigidansa. Ya juya ya gaya wa saurayin cewa wannan mai zuwa ai Abdulkarim ne.

Saurayin ya zaburi doki. Shi ne Eduard Vogel, shi ma Bajamushe, masanin taurari ɗan shekara 25, wanda Barno ke kira Abdulwahid. An turo shi daga Landan a 1853 don ya ƙarfafa ayarin, ya iso Kukawa a Janairun 1854, ya daɗe yana zaton mutumin da ya zo dominsa yana kabari. Ran nan Damagaram ya nufa. Da ɗayansu ya makara wajen ɗaura sirdi, ko ya bi wata burtali, da sun saɓa.

Suka gaisa kowa a kan dokinsa, sannan suka sauka suka zauna a ƙasa. Da raƙuma suka iso aka hura wuta aka dafa gahawa. Fiye da shekara biyu Abdulkarim bai ji harshen uwarsa a bakin wani ba. Labarin da ya ji kuwa ba mai daɗi ba ne: babu kuɗi a Kukawa, kuma Abdurrahman, wanda ya ƙwace gadon ɗan'uwansa Shehu Umar a 1853 kafin a maido da Shehun, ya taɓa kayansu. Bayan kamar awa biyu suka miƙe, kowa ya sa ƙafa a likkafa, ɗaya gabas, ɗaya yamma.

Sun sake haɗuwa a Kukawa na 'yan makonni. A Janairun 1855 Vogel ya tafi Bauchi, daga baya ya nufi Wadai, inda aka kashe shi a 1856. Wanda aka yi wa makoki kuwa ya isa Landan a Satumban 1855 tare da yaransa biyu, Abbega da kuma Dorugu, yaron nan Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da ya bi shi har Timbuktu, wanda daga baya ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa.

Yau masu yawon buɗe ido suna biyan maƙudan kuɗi su kwana a tanti, su wuni a kan doki a fadamar Okavango ta Botsuwana ko dajin Masai Mara na Kenya, saboda namun daji ba sa razana da doki yadda suke razana da mutum a ƙasa. Dokin da ake nema wa wannan aiki shi ne mai natsuwa da juriya, wato halin hurden Abdulkarim. A yankin da aka yi wannan gamo ma, tsakanin Nguru da Gashuwa ga fadama, ga Dagona inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wurin da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Ga dawaki a turke a Nguru da Machina da fadar Mai Bade. Abin da ya rage shi ne a fitar da tsohuwar hanyar, a horar da samarin da za su ja gora, a kafa alama a Bundi, a rubuta sunan Madi tare da na Turawan biyu.